Iskar Ɗakin Baba Zamani

Yafet Zamani mutum ne da ba ya iya shiga ɗaki ya zauna kamar kowa. Sai ya tsaya a bakin ƙofa tukuna, ya ɗaga hanci, ya dubi silin, ya dubi taga, sannan ya sanar da masu ɗakin cewa iskarsu ba ta tafiya. Ko a coci haka yake yi. Ya daɗe yana aiki a Abuja da wani kamfani mai sa wa manyan otal-otal bututun iska, kuma tun da ya ajiye aikin ya dawo Kafanchan bai sami mai sauraronsa ba, domin a nan wanda zafi ya dama ɗaukar kujerarsa yake yi ya koma gindin mangwaro. Shi kansa ya san abin dariya ne. Yakan ce shi kaɗai ne injiniyan da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon raba abin da Allah ya riga ya raba kyauta.

Rana ɗaya sai duniya ta nemi iliminsa, ta hanyar da bai so ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, mahaifinsa Baba Zamani ya rage shi kaɗai a gidansu na ƙauye, can gindin dutse bayan Kagoro. Tsohon ya tashi da kwana da wuta a tsakiyar ɗaki, musamman da damina in sanyi ya sauko daga dutse. Tari ya kama shi har ya kai ba ya iya gama addu'ar abinci sai ya huta a tsakiya. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya gaya wa Yafet ba ɓoye-ɓoye: hayaƙi ya cinye huhun tsohon, in ya koma ɗakin wuta ba zai daɗe ba, abin da yake bukata iska ce mai tsabta. Yafet ya tsorata, domin yana son ubansa fiye da yadda bakinsa ya taɓa iya faɗa. Amma can ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi marar kunya, wanda shi ma ya ji shi ya yi tsaki: yau dai ga mai farar riga ya ambaci iska a gabansa.

Shawo kan Baba ya dawo gari shi ne babban aikin. Wannan tsoho ne da ya taɓa zuwa musu Kirsimeti ya koma gida kafin shinkafa ta nuna, wai ya bar awaki ba kowa. Yafet ya yi magana, fasto ya yi magana, 'yan'uwa suka yi magana. A ƙarshe Baba ya ce, "Zan zo in gani. In bai yi mini ba, zan koma wurina. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Yafet ya ɗauki wannan magana kamar jarrabawa, ya kuma yi shirinta da abin da ya iya kawai. Ya fasa silin ɗin gidansa. Ya sa makeri ya lanƙwasa masa kwano ya zama dogon bututu, ya shimfiɗa shi a sama daga wannan bango zuwa wancan, da rassa masu sauka kowane ɗaki. A bakin bututun ya kafa babbar fanka da filta mai tace ƙura, ya haɗa da sola da batir. A kowane reshe kuma ya sa 'yar ƙofar kwano da ake kira damfa, wadda ake karkatawa a rage iska ko a ƙara. Maƙwabta suka yi ta leƙe ta katanga. Wani ya tambaya ko gidan kaji zai buɗe.

Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa a lokacin, sai ya sha bayani har ƙafarsa ta yi tsami. Iska, in ji Yafet, malalaciya ce, ƙofar da ta fi kusa da ita take bi. Ɗakin farko ya kwashe rabon kowa, na ƙarshe ya tashi da saura. Aikin gwani shi ne ya riƙe hannun na kusa don na nesa ya samu, kamar mai rabon naman biki. Yana da 'yar na'ura da ya taho da ita daga Abuja, girmanta kamar tocila, da farfela a kanta. In ya kara ta a bakin bututu farfelar ta juya, lamba ta fito, ya san ƙarfin iskar da ke shiga ɗakin. Mita yake ce mata. Matarsa Milka kuwa "fastonka" take ce mata, don ita yake fara gaisarwa kafin addu'ar safe.

Su uku ne a gidan har da Baba, tun da 'yarsu Keziya ta yi aure tana Sabon Tasha. An ba Baba ɗakin ƙarshe, wanda ya haɗa bango da kicin, saboda shi ne kusa da bayan gida. Tsakanin Milka da surukinta kuwa akwai kunya irin ta da, wadda shekaru ba su rage ta ba. Ta shiga da kwano, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ga abinci," ta fita. Ba ta zama inda yake, ba ta ɗaga murya, kuma tun da aka kawo ta gidansu bai taɓa jin dariyarta ba sai daga nesa. Shi ma "sannu, 'yata" ce iyakarsa.

Abin mamaki sai Baba ya zauna. Sati ya wuce bai ambaci awaki ba. Wata ya wuce, jakarsa tana ƙarƙashin gado ta fara ƙura. Tarin ya yi sauƙi, ya soma cin abinci har yana suɗe kwano, wani lokaci ma a same shi kwance yana kallon bakin bututun da ke saman gadonsa yana murmushi shi kaɗai. Yafet ya ga haka, kansa ya kumbura. Bayan sujada yakan tare maza a bakin coci ya ce su zo su ga abin da ilimi ke yi. "Tsohon ma ya san aiki," in ji shi. "Yini yake yana kallon abin."

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat. Mita ta ce iskar ɗakin Baba ba ta kai lissafinsa ba. Ba wani babban rashi ba ne, tsohon yana numfashi lafiya, amma lambar ta tsaya wa Yafet a maƙogwaro. Ya hau tsani ya rage ta falo, ya auna, ta ɗan motsa. Ya rage ta ɗakin baƙi, wanda ba kowa ciki sai buhunan citta. Ya koma ɗakinsu na kwana ya matse damfar har sai da iskar ta zama kamar numfashin jariri.

"Baban Keziya," in ji Milka tana fifita da murfin tukunya, "mu ma fa mutane ne."

"Ki yi haƙuri, ana balansin ne, a daidaita rabon kowane ɗaki."

"Tun zuwan Baba kake balansin. Yaushe za a gama a fara zama?"

Yafet ya ci gaba da karkata damfar. Kullum da safe yana kan tsani da mita a hannu da fensir a kunne, tumbinsa ya fito ta ƙasan singileti. Ya taɓa hango kansa haka a madubin ɗakin, ya ce a ransa, ga babban injiniya yana farautar iska a gidan kansa.

Wata ranar Talata da hantsi ya kashe fankar don ya wanke filta, sai ya tuna ya bar sukundireba a ɗakin Baba. Tsohon yana kwance rigingine, hannuwa a ƙirji. Yafet, da yake hannunsa ba ya iya wuce bakin bututu bai gwada ba, ya hau tsani ya kara mitar. Fanka a kashe take, amma farfelar tana juyawa a hankali. Ya kai hancinsa, ya ji ɗumi, ya ji daddawa da manja da ɗan ƙaurin tukunya. Sannan ya ji murya, tar kamar a cikin ɗakin. Milka ce ke rera waƙar zumuntar mata da yarensu, tana buga muciya a bakin tukunya tana bin kiɗa. Ta katse waƙar ta ce, "Mama, tsohonki jiya ya bar nama a kwano. Haƙori ne ko rigima ce? Ke kika san shi." Ta yi dariya. "Kuma karkashin nan, kafin ya tafasa kike sa kanwa ko bayan? Kullum nawa ba ya kai naki. Ɗanki kuwa ba sauƙi, yana can kan tsani da fastonsa."

Da surukarta marigayiya take hira, wato uwar Yafet. Mutum mai hankali da ya ji haka sai ya sauko a hankali, ya naɗe tsaninsa ya fita. Yafet kuwa abin da ya ji shi ne amsar lissafinsa. Reshen kicin da na ɗakin Baba daga hannu ɗaya suka rabu, bakinsu yana kallon juna. In fanka tana aiki, kicin ya sace rabon Baba. In an kashe ta, zafin murhu ya hau ya turo iskar kicin da duk abin da ke cikinta ɗakin mara lafiya. Murna ta kama shi har tsanin yana rawa.

"Baba, na gano ɓarawon."

Tsohon bai ɗauke ido daga silin ba. Ya ce, "Bar shi haka."

"Ai hayaƙin girki ne ke shigo maka. Likita ya hana."

"Hayaƙin gas ɗin? Na ce ka bar shi, Yafet. Bai dame ni ba."

Yafet ya ɗauka kawaici ne irin na tsofaffi, waɗanda ba sa son a wahala dominsu. Ya ma ji tausayinsa.

Da rana Milka ta kawo musu tuwon acca da karkashi, ta durƙusa tana ajiye ruwan wanke hannu. A nan ne Yafet, bakinsa har kunne, ya ga ya kamata a yi dariya tare.

"Maman Keziya, kin san duk abin da kike faɗa a kicin Baba yana ji? Waƙa, hira da Mama, har zagina da kike yi. Rediyo kyauta na haɗa masa ban sani ba."

Ruwan ya zube a ƙasa. Milka ta tsaya a durƙushe, kanta a sunkuye, ta yi fatan ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna rigimar da ta ce yana da ita, ta tuna ranar da ta kwaikwayi yadda yake kiran awaki, ta tuna kukan da ta yi wata safiya tana gaya wa Mama tana tsoron tarin nan. Ta ce, "Baba, ka yi mini gafara," da muryar da ba ta fita sosai, ta tashi ta fice. Baba ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya wanke hannu ya ci loma kaɗan ya ture kwanon. Yafet ya yi dariyarsa shi kaɗai, ta mutu a hanya. Ya lura an yi shiru, amma ya ɗora laifin a kan mutanen gidan da ba su san wasa ba.

Gyaran kuwa, a ba shi haƙƙinsa, ya yi kyau. Ya yanke reshen kicin gaba ɗaya ya toshe, ya fasa bango ya ba kicin nasa bututun mai fitar da iska waje. Ya shimfiɗa soso a cikin reshen Baba, ya bi kowace gaɓa da tef. Da ya kunna fanka ya kara mita, lambar ta hau ta tsaya daidai inda lissafi ya ce. Ya buɗe wa falo rabonsa, ya mayar wa ɗakinsu nasa, ya zaga ɗaki-ɗaki yana aunawa, kowanne ya fito cif. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba ko a otal. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin Baba ya ja numfashi: ba wari, ba ƙamshi, ba motsi, sai iska mai sanyi tana saukowa shiru.

Daga ranar Baba ya daina kallon silin, ya juya fuskarsa bango. Abinci yana shiga yana fitowa kusan yadda yake. Kicin ma ya yi tsit, ko Yafet da ke wucewa ta ƙofar ba ya jin komai sai ƙarar cokali. Ya ƙara auna ɗakin, lafiya lau. Ya canza filta. Har likita ya kira ya karanta masa lambobin, likitan ya ce madalla. Ranar Asabar da safe ya shiga gaisuwa ya tarar da jakar a kan gado, an kakkaɓe ta, Baba yana zaune da hularsa da sandarsa.

"Na gani," in ji tsohon. "Zan koma."

Yafet ya zauna a bakin gadon. "Baba, me ya rage? Iskar nan ko a asibiti ba za ka samu irinta ba."

"Iska yana da kyau. Ka iya aiki." Ya yi tari kaɗan, ya ci gaba da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji. "Amma da, in na kwanta, ina jin gida. Matarka yana waƙa, yana faɗa da tukunya, yana kiran uwarka. Tun da muka binne uwarka ba wanda yake magana da shi sai ni, a zuciya. Na zo nan na ji ashe mu biyu ne. Shi ya sa na zauna. Yanzu in na rufe ido ban san ko ina raye ba ko an riga an rufe ni."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne Yafet. Duk watannin da ya yi yana tare mutane a bakin coci, ashe kuskurensa ne yake riƙe masa uba, shi kuma ya bi shi da tsani har ya kashe. Ya miƙe da sauri, don in abu ya ɓaci hannunsa kayan aiki yake nema.

"Zan mayar da shi yadda yake. Yau ɗin nan. Kafin azahar na gama."

"Za ka mayar da kwano," in ji Baba. "Yanzu matarka ya san ina ji. In ya yi waƙa, don ni zai yi. In ya kira uwarka, zai zaɓi magana. Kada ka wahalar da yarinyar mutane."

Yafet ya je kicin duk da haka. Milka tana tsaye tana ɗaure garin acca a leda, idonta ya yi ja. Ya fara magana, ta girgiza kai. "Na gwada," ta ce. "Jiya na buɗe ƙofa don ya ji, na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Me ya sa ba ka yi shiru ba, Baban Keziya? Sau ɗaya dai a rayuwarka." Bai taɓa jin tambayar da ta fi wannan dacewa da shi ba.

A bakin mota ta durƙusa ta ce Allah ya kiyaye hanya. Baba ya riga ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tsaya, bai dube ta ba, ya yi magana kamar da ƙofar motar yake. "Bayan ya tafasa Mama yake sa kanwa. Kaɗan, a bakin cokali." Milka ta rufe fuska da zani ta koma cikin gida.

Hadari ya haɗu tun kafin su wuce Kagoro, suna isa ƙauye ruwa ya sauko. Ɗakin Baba yana nan yadda ya bar shi, bango baƙi ƙirin da hayaƙin shekaru, taga 'yar ƙarama an toshe ta da tsumma. Yafet ya tsaya a bakin ƙofa, hancinsa ya ɗaga da kansa, ya kama bakinsa kafin maganar ta fito. Ta bayan bango ana jin matan maƙwabta suna kwashe shanya suna kiran yara, wani yana tambaya ko Baba Zamani ne ya dawo. Tsohon ya zauna a kan gadonsa, jikinsa yana ɓari don sanyi, ya nuna murhun da ke tsakiyar ɗakin da sandarsa.

Yafet ya san abin da likita ya ce, kalma bayan kalma. Ya san abin da wutar nan za ta yi wa ƙirjin ubansa, ya ma fi kowa a ƙauyen sani. Ya kuma ga yadda haƙoran tsohon ke kaɗawa. Ya jawo itace daga lungu, ya jera, ya ƙyasta ashana a busasshiyar ciyawa. Itacen ya sha danshi, hayaƙi kawai yake yi. Ya durƙusa da wandonsa mai guga ya soma hurawa, toka ta tashi ta cika masa fuska, wutar ta ƙi kamawa.

"Ba daga sama ake hura ba," in ji Baba. "Sa kuncinka a ƙasa. A hankali, kada ka yi gaggawa."

Yafet ya kwantar da kuncinsa a daɓe ya hura a hankali. Wutar ta kama. Tsohon ya miƙa tafin hannuwansa, ya saki ajiyar zuciya ta jin daɗi, sannan tarin ya taso masa, dogo, mai tsage ƙirji, irin wanda ba a ji ba tun da ya je Kafanchan. Yafet yana durƙushe yana saurare har ya lafa.

"Ƙara ice ɗaya," in ji Baba, "sai ka kama hanya kafin rafi ya cika."

Ya ƙara.